Gishiri a Cikin Silin

Shekara ashirin da shida ina hawa rufin mutane a Lafiya, kuma doka ɗaya nake da ita: da zarar watan Maris ya kama, ba na cire kwanon da ba zan iya mayar da wani a gurbinsa kafin la'asar ba. Sau da yawa na zagi kafintoci a kan wannan, na sha kiransu mahaukata a gaban masu gida. Ranar da na karya dokar da hannuna, a kan gishirin wata tsohuwa na karya ta, a unguwar Bukan Sidi. Har yau idan miya ta yi gishiri da yawa sai in ji abincin ya fita raina.

Sunana Babandi. Abokin aikina Torkula ne, ɗan ƙabilar Tibi, sa'ana, mun fi shekara goma muna faɗa a saman gidajen jama'a. Shi ba ya son gaggawa, ni ba na son a gaya min abin da na sani.

Mai gidan, Abdulhakeem, ma'aikacin gwamnati ne a sakatariya. Saura mako uku bikin 'yarsa Aminat, baƙi za su zo daga garin Awe, shi kuma ba ya son su kwana suna matsar da katifa saboda yoyo. Ya ce a yaye tsohon kwanon gaba ɗaya a sa dogon kwano na zamani, a ɗaure rufin yadda iskar farkon damina ba za ta ɗauke shi ba. Wanda ya san Lafiya ya san wannan iska. Ba ta sallama. Ta fi ruwan ɓarna, kuma rufin da ba a ɗaure da langalanga ba, wato siririn ƙarfen nan da muke ɗaure katako da bango, a gidan maƙwabci ake zuwa ɗauko shi.

Ranar da na je duba aikin, na zagaya gidan na ɗaga kai. Kwanon ya tsufa, amma da sauransa, ban da saman ɗaki ɗaya na ƙarshe. Nan ya yi jawur, ya huhhuje. Na lura tsatsar daga ciki ta ci ta fito waje, ba daga sama ta sauka ba. Na gani da idona, na ce a raina kwanon banza aka sayar musu, na wuce.

Ina naɗe tef ɗina na awo sai na ji an ce, "Ɗan nan, zo."

Mahaifiyar Abdulhakeem ce, Inna Rahmatu, zaune a ƙofar wannan ɗaki na ƙarshe. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, hannayenta duk tabon wuta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta leƙa ta tabbata ɗanta ya shiga ciki, sannan ta rage murya.

"Akwai ajiyata a sama," in ji ta. "Cikin silin. Gishiri ne, buhu huɗu."

Na yi dariya. "Inna, gishiri kuma? Ai ko a shagon bakin layinku akwai shi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita 'yar Awe ce, a bakin fadamar gishiri ta tashi. Uwarta ta koya mata yadda ake kankare ƙasa, a tace ruwanta a tukunya, a dafa har ya zama fari. Wannan buhu huɗun shi ne dahuwar ƙarshe da suka yi tare, a ranin da uwar ta rasu. A gidansu, in ji ta, mace ba ta tafiya ɗakin miji sai da gishirin iyayenta mata, kuma miyar farko da za ta yi a can da shi za ta yi. Ita Allah bai ba ta 'ya mace ba, Abdulhakeem kaɗai gare ta. Sai ta ajiye wa jika.

"To me ya kai shi silin?"

"Abdulhakeem ya hana a shigo da gishiri gidan nan. A gidan haya ya ci masa ƙofa, ya ci masa babur. Da gaskiyarsa. Sai mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa, ya ɗora min shi a sama ana cikin rufi, kafin a buga silin. Shekara goma sha takwas ke nan. Ba wanda ya sani sai kai yanzu." Ta kama hannun rigata. "Idona ya tafi, gwiwata ta tafi, wurin dahuwarmu ma yana hannun wasu. Ba zan ƙara dafa wani ba. Ka sauko min da shi lafiya, ɗan nan."

Na buga ƙirji. Na ce ta kwantar da hankalinta, za mu buɗe kwano mu zuro mata shi da igiya kamar ƙwai, ɗanta yana ofis ba zai ma sani ba. Na san gara, na san iska, na san katakon da bai bushe ba. Ban taɓa tambayar kaina abin da gishiri yake yi wa ƙusa a shekara goma sha takwas ba. Ko tsani ban sa na leƙa ba.

Ranar Talata muka zo da sassafe. Sabon kwanon bai iso ba. Irin wannan dogon kwano sai an yanka shi daidai awon gida, masu yankawar kuma sun ce babu wuta, amma zuwa azahar zai iso. Abdulhakeem yana tsaye da makullin mota a hannu.

"Oga Babandi, ku fara yayewa mana kafin ya zo. Kwanaki suna tafiya."

Torkula ya dube ni. "Kwano bai zo ba fa. Doka naka fa?"

Na ɗaga kai. Sama fes, ko gajimare ɗaya babu, zafi tun da safe kamar a bakin murhu. Bakwai ga Maris ne. Na ce ruwa ba zai zo makon nan ba, in ya zo a canza min suna. Torkula ya ce shi dai ya faɗa. Na ce ya faɗa na ji, ya miƙo min guduma.

Daga ɗakin tsohuwar muka fara, don in sauke mata kayanta tun ɗanta bai dawo ba. Ƙusar farko da na kama da guduma ba ta yi gardama ba, kanta kawai ya guntule. Ta biyu ma haka. Kwanon da muka ɗaga ya karye a hannunmu gida uku. Muka yi ta yayewa muna jefarwa ƙasa, har saman ɗakin ya buɗe duka, rana ta haska cikin silin.

Torkula ya ce, "Yesu."

Babu buhu ko ɗaya. Buhunan sun ruɓe tun tuni. Gishirin ya sha damina goma sha takwas yana jiƙa yana bushewa, ya haɗe ya zama dutse ɗaya, fari da ruwan toka, ya fi katifa faɗi, ya manne da katakon da ke ƙarƙashinsa. Duk katakon wurin ya fito da farin gashi. Ƙusoshin da ke riƙe da shi sun zama siraran tsinken tsintsiya. Na taɓa langalangar da ke bakin bango, ta marmashe a yatsuna.

Torkula ya ɗora ƙafa ɗaya a kan katako don ya matsa kusa. Rufin ɗakin gaba ɗaya ya yi ƙara ya lotsa. Na fizgo shi baya da wandonsa. Muka zauna a kan bango muna haki, muna kallon gishirin. Tsakaninmu da shi bai fi taku uku ba.

Nan na gane abin da ake ciki. Ba ƙusa ke riƙe da wannan rufi ba, ba langalanga ba. Nauyin gishirin ne ya danne shi duk shekarun nan. Ta sama ba a takawa. Ta ƙasa kuma, duk wanda ya shiga ɗakin ya fasa silin, katako da dutsen gishiri a kansa za su sauka. Hanya ɗaya ce: a samo dogayen katakai a tokare silin daga ƙasa, a shimfiɗa wasu daga bango zuwa bango, sannan a farfasa gishirin a hankali a sauke a kwando. Aikin yini ɗaya da rabi ne. Tsohon kwanon da za a ce a mayar kafin nan yana ƙasa a kakkarye, ko da ma lafiyarsa ƙalau babu inda ƙusa za ta kama.

Na sauko. Inna Rahmatu tana gindin mangwaro inda muka sa ta zauna.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi, Inna. Yana nan, fari tas."

Fuskarta ta washe. Sai na gaya mata sauran, na kuma ce dole a kira Abdulhakeem. Ta ce, "Kira shi. Ai bakin alƙalami ya bushe."

Ya zo a fusace. Ya hau tsani ya leƙa, ya sauko yana cewa shekara goma sha takwas suna kwana a ƙarƙashin mutuwa, da ya faɗo mata cikin barci fa? Ta sunkuyar da kai kamar yarinya. Ta ce, "Na Aminat ne." Ya tsaya yana jujjuya makulli, sannan ya tambaye ni katako nawa nake so da tsawonsu, ya shiga mota ya nufi 'yan katako.

Wajen ƙarfe biyu iska ta ɗauke ɗif. Ganyen mangwaro ko motsi. Torkula ya taɓa ni ya nuna gabas da haɓa. Can ƙasa-ƙasa hadari ya haɗo, baƙi ƙirin.

Na kira masu kwano, suka ce har yanzu ba a kawo wuta ba. Na kira Abdulhakeem, ya ce an loda katakon a keke napep, amma tsawonsa ya sa mai keken tafiya kamar mai rakiyar gawa. Na zagi masu kwano, na zagi wuta, na zagi mai keken da ban taɓa gani ba. Torkula ya ci gaba da tattara kakkaryayyen kwano, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Muka aro tamfol a wurin masu hayar rumfar biki a bayan layi. Ba mu iya taka rufin ba, sai muka tsaya a kan bango, ni a nan shi a can, muka tura tamfol ɗin da gora har ya rufe gishirin. Muka ɗaure kusurwa biyu a ƙarfen taga, ɗaya a reshen mangwaro, ta huɗun muka danne da bulo shida. Na san ba zai riƙe ba. Ina ɗaurawa ina sane. Amma tsohuwar tana kallona, kuma ba ni da wani abin da zan yi da hannuwana.

Aminat ta dawo daga asibitin da take aiki daidai lokacin, da farar rigarta. Kakarta ta gaya mata komai a tsaye, cikin kalma kaɗan. Yarinyar ta ɗaga kai ta dubi tamfol, ta dubi hadari, ta dube ni.

"Baba, zai riƙe?"

Na ce, "Allah ya sa."

Iskar ta iso. Ta fara da kwashe ledoji da ganye, sai ta shiga ƙarƙashin tamfol ta kumbura shi. Bulo shidan nan suka gangaro ɗaya bayan ɗaya. Igiyar mangwaro ta tsinke. Na kama gefen tamfol ɗin da hannu biyu ina kwance a kan bango, ya ja ni har rabin jikina ya leƙa waje. Torkula yana ihu, "Sake shi! Abeg sake shi, za ka mutu a kan gishiri!" Na sake. Ya fizge daga ƙarfen taga, ya tashi sama ya haye gidaje biyu.

Sai ruwa ya sauko, irin na farkon shekara, mai manyan ɗigo.

Na tsaya a kan tsani ina kallo. Da farko ruwan yana zamewa a kan dutsen gishirin kamar ba zai yi masa komai ba, har na fara sa rai. Sai ƙananan ramuka suka fara fitowa a samansa. Ramukan suka haɗe. Gefe ya fara zagwanyewa. Taku uku ne tsakanina da shi, ina da guduma a ƙugu, ina da shekara ashirin da shida a sana'a, kuma babu abin da na iya sai kallo.

A ƙasa na ji Aminat tana kiran sunana. Inna Rahmatu ta tashi da roba a hannu za ta shiga ɗakin. Na diro na tare ƙofa.

"Inna, ba za ki shiga ba."

"Matsa, ɗan nan. Ruwan gishiri ne ke zuba. In na tare shi zan dafa."

"Silin zai faɗo."

"To ya faɗo mana!"

Ta buge ni a ƙirji da robar. Ba ta da ƙarfin da zai ture kaza. Na riƙe kafaɗunta, tsohuwar da ta isa ta haife ni, tana kuka tana roƙona da Allah da Annabi, ni ma hawaye nake yi, ruwan sama ya rufa min asiri. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na wannan lokaci ba.

Torkula ne ya yi dabara. Ya kwaso robobi da tukwane daga kicin, ya riƙa tura su cikin ɗakin da gora daga bakin ƙofa. Silin yana zuba ta ko'ina, ruwa mai kauri, fari-fari. Abin da ya faɗa roba kaɗan ne. Sauran ya malale a siminti, ya fito ta tsakanin ƙafafunmu, ya bi tsakar gida ya shiga kwata. Inna Rahmatu ta durƙusa tana tare shi da tafin hannu.

Da gishirin ya yi sauƙi, babu sauran abin da ke danne rufin. Iska ta ɗaga katakon ta sake shi. Silin ya rufto gaba ɗaya a kan robobin. Tukunya ɗaya ce ta tsira, wadda ke kusa da ƙofa, Torkula ya jawo ta da gora. Ruwan cikinta bai kai rabi ba.

Ruwan bai yi awa ɗaya ba ya ɗauke. Rana ma ta fito. Keke napep ya shigo layin da katakai suna jan ƙasa, Abdulhakeem na biye da shi a mota. Ya fito ya tsaya a tsakar gida. Awakin maƙwabta sun riga sun shigo suna lasar ƙasa.

Na je gaban tsohuwar na durƙusa. Na ce laifina ne, ni na buɗe rufi babu kwano a ƙasa, abin da nake hana wasu. Na so ta zage ni. Ta ce, "Tashi, ɗan nan, rigarka ta jiƙe." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Washegari kwano ya iso da safe, an kawo wuta. Muka sa sabon katako, muka shafe shi da baƙin mai saboda gara, muka ɗaure kan kowane katako da langalanga ninki biyu. Daga sama ina hangen tsakar gida. Inna Rahmatu ta haɗa murhu da duwatsu uku, ta tace ruwan tukunyar nan da farin ƙyalle sau uku, ta ɗora a wuta. Aminat ba ta je aiki ba, tana zaune kusa da ita tana tura itace. Tsohuwar ba ta gani sosai, amma hannunta ya san aikin, tana juyawa tana kwashe kumfa, tana gaya wa jikarta lokacin da ake rage wuta. Na lura Torkula ya daina buga guduma da ƙarfi.

Bayan azahar ruwan ya ƙone. Na sauko shan ruwa, ƙafata ta kai ni wurin. Abin da ya kwanta a gindin tukunyar bai cika tafin hannu ba, kuma ja ne, launin kwanon da muka yaye. Ta lakata ta sa a harshe. Sai ta juya gefe ta tofar.

"Ƙusa ce," in ji ta. "Wannan ba na uwata ba ne."

Aminat ta ce, "Kaka, ki ba ni haka nan. Zan tafi da shi."

"Ba a yi wa miji miyar farko da tsatsa."

"Ko ban sa a miya ba. In ajiye."

"Ajiya ce ta kawo mu nan." Ta kife tukunyar a gindin mangwaro.

Ranar Asabar muka gama. Rufi ya yi kyau, ba yabon kai ba, iskar Lafiya sai dai ta gaji ta bar shi. Da na zo buga sabon silin a ɗakinta, sai na yanka 'yar ƙofa a kusurwa, na yi mata murfi mai ɗagawa, yadda za a iya sa tsani a ajiye abu a sauko da shi ba sai an yaye kwano ba. Ba wanda ya sa ni. Ina ganin abin da ya kamata a yi tun shekara goma sha takwas ke nan. Na kamo hannunta na kawo ta, na nuna mata, na ɗaga murfin na mayar don ta ji ƙararsa.

Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon wurin.

"Rufe shi, ɗan nan," in ji ta. "Me zan sa?"

Na hau tsani na buga masa ƙusa huɗu.